Hatimi, gafaka da kwamfuta: abin da ke hannun Katsina da abin da ake kawo mata

A shekarar 1741 wani malami Bakatsine ya rasu a birnin Alƙahira, a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar ɗin nan, Abdurrahman al-Jabarti. Sunansa Muhammad bn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi. Ya bar gida ya sauke farali, ya zauna Masar yana karantarwa, kuma wajen 1732 ya yi rubutu da Larabci a kan ilimin aufaƙi, wato abin da mu a nan muke kira hatimi. Masu nazarin tarihin lissafi a Turai da Amurka suna ambaton sunansa har gobe. Amma tsaya a Ƙofar Ƙaura lokacin tashi daga makaranta, ka tare 'yan sakandare goma ka tambaye su ko wane ne shi, ka ga ikon Allah.

Na fara da wannan malami ne saboda a jikinsa abubuwa uku suka haɗu waɗanda makarantunmu suka raba wa ɗaki: tarihi, kimiyya, da abin da yanzu ake kira fasahar zamani. A jadawalin makaranta kowanne da malaminsa da awarsa, ko gaisawa ba sa yi. Wajen masu ba da tallafi ma haka abin yake. Akwai kuɗin raya al'adu, akwai na kimiyya don 'ya'ya mata, akwai na koyar da kwamfuta, kuma ƙungiyar da ta karɓi ɗaya ba ta isa ta taɓa aikin ɗayan ba. A ganina, gara in faɗa tun da wuri, rabon gado ne aka yi ba bisa ƙa'ida ba. Ukun nan tambaya ɗaya suke koya wa yaro: ta yaya aka sani? Kayan koyar da wannan tambaya kuwa ga su nan zube a Katsina da Daura, ba sai an jira kwantena ta taso daga Legas ba.

Darasin da ke cikin hatimi

Mu ɗauki hatimin da kusan kowa ya taɓa gani, mai gida tara. Ana jera lambobi daga 1 zuwa 9 ta yadda duk layin da ka tara, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 zai ba ka:

8 1 6
3 5 7
4 9 2

Malaman hisabi da haruffa suka saba rubuta shi, tunda kowane baƙin Larabci yana da adadinsa a tsarin abjadi. Lambobin kusurwa huɗun nan, 2 da 4 da 6 da 8, su ne ba, dal, wau, ha, kuma daga nan kalmar baduhu ta fito.

Ba yaro wannan aiki ba tare da ka nuna masa hanya ba. Zai yi ta rubutawa yana gogewa, watakila ya dace bayan rabin awa. Sai ka ƙara masa mai gida 25, wanda kowane layinsa dole ya ba da 65. Nan laluben ya ƙare, sai dai ya ajiye alli. To a nan ne malami zai fito da ɗaya daga cikin hanyoyin da aka sani na gina hatimi mai layuka mara, kamar uku ko biyar ko bakwai, irin waɗanda al-Kashinawi ya yi aiki a kansu. Ka sa 1 a gidan tsakiya na layin sama. Daga nan kowace lamba, hau gida ɗaya sama, ka matsa gida ɗaya dama. In ka fita ta sama, shigo ta ƙasa. In ka fita ta dama, shigo ta hagu. In ka iske gidan da mai shi, koma ka sauka ƙarƙashin lambar da ka rubuta ta ƙarshe. Shi ke nan. Umarni biyar, kuma da su yaro zai gina mai gida 25, da mai 49 wanda layinsa 175 ne, da mai 81 wanda layinsa 369 ne, ba tare da ya goge ko sau ɗaya ba.

Jerin umarni irin wannan, wanda in an bi shi daki-daki dole ya kai ka gaci, shi masu kwamfuta ke kira algoridim. Kalmar ma sunan mutum ce da bakin Turawa ya lanƙwasa: al-Khawarizmi, masanin lissafi na Bagadaza a ƙarni na 9. Duk manhajar da ke cikin wayarka daga ginshiƙai biyun da yaron nan ya taɓa yanzu aka gina ta: «in kaza ya faru, yi kaza», da «maimaita har gidaje su cika». Ranar da aka zaunar da shi gaban kwamfuta, da tambayarsa ya zo. Yana so ya ga ko na'urar za ta iya gina mai layi 101, wanda kowane layinsa zai ba da 515,201. Za ta gina kafin ya ƙifta ido, muddin ya rubuta mata umarnin daidai. In ya yi kuskure a layi ɗaya za ta ba shi shirme cikin sauri, wannan ma darasi ne, kuma babba.

Na san akwai masu ɗaga gira da zarar sun ji an ce hatimi, saboda yadda ake aiki da shi wajen tsibbu da laya. Wannan muhawara ce ta malaman addini, ba ni da hurumi a ciki. Lissafin dai lissafi ne, 8 da 1 da 6 sha biyar ne a kowace mazhaba.

Yadda tarihi ya fita aji, da yadda ya dawo

Daga zangon karatu na 2009/2010 aka daina koyar da tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa a firamare da ƙaramar sakandare a Najeriya, aka cusa ɗan abin da ya rage cikin darasin zamantakewa. A Nuwamban 2022 ma'aikatar ilimi ta tarayya, lokacin Malam Adamu Adamu, ta ƙaddamar da dawo da shi, da alƙawarin horar da malamai 3,700, wato ɗari-ɗari ga kowace jiha da Abuja. Yanzu ka raba malami 100 ga ƙananan hukumomi 34 na Jihar Katsina: uku-uku ma ba su cika ba. Fiye da shekara goma kuma ɗalibin da zai shiga kwalejin horon malamai ba shi da dalilin zaɓar darasin da babu aji a gabansa. Sanarwa ɗaya ta isa cire darasi, mayar da shi kuwa sai an sake rainon masu koyarwa.

Haɗarin shi ne tarihin ya dawo da tsohuwar rigarsa: haddace jerin sarakuna, wane ya gaji wane, shekara nawa ya yi. Wannan tilawa ce. Kuma wayar hannu ta riga ta fi kowane yaro tilawa.

Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba

Kowane ɗan Daura ya san labarin Bayajidda: baƙon da ya zo daga gabas, ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu, ya auri Daurama, zuriyarsa ta kafa Hausa Bakwai. Rijiyar tana nan, ana ziyartarta, ana shan ruwanta. Masana irin su Farfesa Abdullahi Smith, wanda ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, da Dokta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda bincikensa na digirin dakta a kan tarihin Katsina ne, sun yi wa labarin tambayoyi masu zafi. Yaushe aka fara rubuta shi? Wa ke ba da shi, a gaban wa? Me ya sa ya dace da siyasar wani zamani? Ba su ce a cike rijiya ba. Cewa suka yi labarin baka hujja ce da ake aunawa kamar kowace hujja.

Malamin da ya san aikinsa ba zai ce wa yara labarin ƙarya ne ba, ba kuma zai ce wahayi ne ba. Tura su zai yi, kowa ya ɗauki muryar kakarsa ko wani dattijon unguwa a waya, a dawo aji a saurara. Za a ji inda bakuna suka haɗu da inda suka rabu. Haka ma labarin jihadi a Katsina. Yadda ake ba da shigar Ummarun Dallaje birni a 1807 a nan daban ne da yadda ake ba da shi a Maraɗi, inda zuriyar sarakunan da aka kora suka kafa sarautarsu, kuma har yau Sarkin Katsina ake kiran mai riƙe da ita. Yaron da ya saurari ɓangarorin biyu ya koyi abin da zai cece shi gobe in an turo masa sautin murya a WhatsApp an ce wane ya ce kaza.

Inda baki ya gaza kuma, ƙasa takan yi magana. A Durɓi ta Kusheyi, ta wajen Mani, akwai tsofaffin kaburbura masu tudu da aka daɗe ana cewa na sarakunan farko ne. Baturen mulki Palmer ya tona a 1907. A farkon shekarun 1990 masu bincike na Najeriya da Jamus suka sake tonawa, daga baya aka kai abin da aka samu birnin Mainz na Jamus don gyara da gwaji. An samu wuri, wato kuɗin mutanen da, da duwatsun ado, da awarwaron hauren giwa, da kayan tagulla da zinariya, wasunsu daga ƙasashen Musulmi na gabas suka fito. Gwaje-gwajen sun sa kaburburan tsakanin ƙarshen ƙarni na 13 da ƙarni na 16.

To ta yaya aka sani? Duk mai rai, mutum ko dabba ko itace, yana ɗaukar wani nau'in sinadarin kabon mai lamba 14 muddin yana raye. Da ya mutu shiga ta tsaya, abin da ke jiki ya fara raguwa a ma'auni sananne: duk shekara 5,730 rabi ke tafiya. Auna abin da ya rage a ƙashi ko fata ko gawayi, ka lissafa baya. Wani Ba'amurke, Willard Libby, ya gano dabarar a ƙarshen shekarun 1940, ta ba shi kyautar Nobel a 1960. Wannan fa darasin kimiyyar sinadarai ne da lissafi, amma ƙofar shigarsa kabarin da ke tafiyar ƙasa da awa ɗaya daga Ƙofar Durɓi. Kuɗin wurin da aka samu kuma, wanda asalinsa tekun Indiya ne, ya isa darasin labarin ƙasa na mako guda: ta wace hanya ya biyo har ya iso Mani?

Gafaka

Wannan ne ɓangaren da ya fi damuna, domin shi ne lokaci ke ci. Garin da ya haifi Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani a ƙarni na 17, garin da Shehu al-Maghili ya ratsa a ƙarshen ƙarni na 15, garin da hasumiyar Gobarau ke tsaye a tsakiyarsa, ba zai rasa takardu a gidajen malamai ba. Suna nan cikin gafaka da tsofaffin akwatuna: fiƙihu, nahawu, hisabi, taurari, magani, wasiƙu, takardun bashi da na gado, waƙoƙin ajami. Gara na ci, damina na jiƙawa, tawadar da aka haɗa da bagaruwa da ƙarfe tana cin takardar sannu a hankali. Wani lokacin kuma rabon gado ne ke kashe littafi: tunda ganyayyakinsa ba a ɗinke suke ba, wannan ɗa ya ɗauki rabi, wancan ya tafi da rabi Funtuwa.

Ita kanta takardar shaida ce. Ɗaga ganye ɗaya ka kara da rana, sau da yawa za ka ga tambarin jinjirin wata uku a cikin jikinsa. Wannan takardar masana'antun arewacin Italiya ce da ta ratso Sahara a bayan raƙumi, kuma da irin waɗannan tambura masana ke ƙiyasta shekarun rubutu.

Abin da ya faru a Tumbuktu ya isa jan kunne. Lokacin da masu ɗauke da makamai suka kama garin a 2012, Abdel Kader Haidara, mai kula da wani ɗakin karatu na gado a garin, da iyalan masu ɗakunan karatu suka yi ta fitar da dubban ɗaruruwan takardu a ɓoye zuwa Bamako. Waɗanda suka rage a cibiyar adana takardu ta Ahmed Baba, kimanin 4,000 aka ƙone ko aka sace a Janairun 2013. Bayan haka ne aikin ɗaukar hotunansu ya kankama, tare da wani ɗakin karatu da ke jihar Minnesota a Amurka. Ɗakin karatu na Birtaniya yana da shirin tallafa wa ceto takardun da ke cikin haɗari tun 2004, Jami'ar Boston kuma ta tara hotunan rubuce-rubucen ajami har da na Hausa. Hanyoyin suna nan ga ƙungiyar da ta iya nema.

Sai dai ɗaukar hoto shi ne mafi sauƙi cikin aikin. Waya mai kyamara mai kyau da haske daga taga sun isa. Wahalar tana wajen rubuta bayanin kowace takarda: wane ne mawallafi, wa ya kwafa, gidan wa take, ganye nawa, me ta ƙunsa, ina ta yanke. Hoto dubu goma babu wannan bayani tamkar rumbu ne da aka zuba gero da dawa da wake da tsakuwa tare. Mai iya wannan aiki sai wanda ya karanta rubutun Magaribi da ajami, wato almajirin zaure, wanda shirye-shiryen koyar da kwamfuta ba sa ko tunawa da shi. Har yanzu na'ura ba ta iya karanta ajamin hannu yadda za a dogara da ita ba. Don haka ɗan jami'ar da ya iya kwamfuta da alaramman da ya iya warash dole su zauna tabarma ɗaya, kuma a biya su daidai wa daida, kada a mai da ɗaya ƙwararre ɗaya ɗan rakiya.

Sannan akwai amana. Gidan da ya fito maka da gafakar kakansa yana da haƙƙin ya san ina hotunan za su, wa zai gani, kuma a ba shi kwafi a hannunsa. Akwai takardun da ke ɗauke da asirin iyali, bashi ko bauta ko rikicin gado, waɗanda bai kamata a watsa ba sai da yardarsu. A ajiye kwafi a wurare uku mabambanta. Kuma don Allah kada a tura ta WhatsApp a ce an adana: yana matse hoto, wasulla su dushe, ɗigo ya ɓace.

Inda kuɗin tallafi ke bi

Na taɓa shiga wata sakandare a wata ƙaramar hukuma, aka buɗe mini ɗakin kwamfuta bayan an yi ta neman mai makulli. Injinan suna jere an lulluɓe su da leda, ƙurar hunturu ta yi musu rawani. Batiran sola sun mutu, malamin da aka horar an yi masa canjin wurin aiki, shugaban makaranta kuma yana tsoron a taɓa wani abu ya lalace a ce shi zai biya. Allon da ke ɗauke da sunan masu tallafin ne kawai ke sheƙi.

Ba mugunta ce ta haifar da wannan ba, tsarin kuɗin ne. Tallafi yakan zo da wa'adin shekara ɗaya zuwa uku. Mai bayarwa yana son abin da zai ƙirga ya sa a rahoto: kwamfuta nawa aka raba, mutum nawa suka halarci taron bita, kashi nawa mata ne. Sayen kaya yana shiga kasafi cikin sauƙi, yana kuma yin kyau a hoto. Canjin batir bayan 'yan shekaru, kuɗin data na wata-wata, mai gyara, da ɗan alawus da zai riƙe malami, waɗannan ba mai yanka musu zare, don haka ba mai ɗaukar nauyinsu. Ƙaramar ƙungiya a Katsina da ta sha wahalar rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC da sauran takardu ba za ta ce wa mai kuɗi tsarinsa bai yi ba. Za ta rubuta abin da ake son ji. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, amma ba shi ke rubuta fom ɗin ba.

An gwada wannan a babban mataki, an ga sakamako. A 2005 aka ƙaddamar da shirin ba kowane yaro ƙaramar kwamfuta ta dala 100, har aka gwada shi a wata firamare a Abuja. Ƙasar Peru ta saya da yawa. A 2012 Bankin Raya Ƙasashen Amurka ya fitar da binciken da ya yi a makarantun karkara 319 a can: bayan wata 15 yara sun saba da na'urar, an ga ɗan ci gaba a gwajin kaifin tunani, amma a lissafi da karatu ba abin da ya motsa. Na'ura ba ta maye gurbin malamin da ya san abin da zai yi da ita.

Ba ina cewa manyan shirye-shirye ba su da amfani ba. Shirin AGILE na Bankin Duniya don ilimin 'yan mata, wanda aka amince da shi a 2020 da dala miliyan 500, Katsina na cikin jihohi bakwai na farko, kuma koyar da 'yan mata aiki da na'ura na cikin abin da ya ƙunsa. A 2022 ma'aikatar ilimi da UNICEF da Microsoft suka buɗe dandalin darussa na kyauta a intanet. Buƙatar kuma ta gaske ce: tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, kuma har yanzu akwai ɗan ƙauyen da ranar jarrabawa ce ranar farko da hannunsa zai taɓa linzamin kwamfuta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Amma kayan aro ba ya rufe katara. A 2025 gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta ba ƙasashen waje tallafi, USAID, ayyuka da dama a Afirka suka tsaya cak. Mu kuwa muna da wakafi a addininmu da al'adarmu. Attajirin da zai gina masallaci na biyar a layi ɗaya zai iya tsayar da shago guda, kuɗin hayarsa ya riƙa sayen batir da data ga ɗakin kwamfutar makarantar unguwa har illa masha Allahu. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai ma nan ya kamata su sa ƙarfinsu, maimakon fentin ƙofar shiga.

Wani abin da masu tsara shiri daga Abuja kan manta shi ne sabis ba tabbas ba ne. A Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro, aka shafe watanni. Duk shirin da ransa ke rataye a intanet ya mutu a ranar. Alhali akwai manhajoji na kyauta da aka yi don irin wannan hali: Kiwix na ɗauke da Wikipedia gaba ɗayanta ba tare da data ba, Kolibri na rarraba darussa daga kwamfuta ɗaya zuwa wayoyin da ke aji, Scratch kuma yana koya wa yara haɗa umarni kamar mai jera tubali. Ana saukewa sau ɗaya a birni, a kai ƙauye a aljihu.

Sai dai in an buɗe, me yaro zai tarar da Hausa? Kaɗan. Masu aikin sa-kai na Wikipedia ta Hausa suna ƙoƙari, amma gonar ta fi ƙarfin masu noma. Ko neman ma wahala ne: malaminmu na Alƙahira wani ya rubuta shi Kashinawi, wani Kishnawi, wani Katsinawi, kuma mai rubuta «kasa» ba ƙugiya ba ka san ƙasa yake nufi ko kasa ba. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da matasa suka rungumi tambaya yanzu daga abin da aka rubuta suke koyo. Inda rubutu ya yi ƙaranci sukan cike gurbi da ƙirƙira, cikin murya mai cike da tabbaci, har su haifa wa Katsina sarkin da ba a taɓa naɗawa ba. Ɗaliban tarihi na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Al-Qalam da ta Dutsin-ma da kwalejin Yusufu Bala Usman ta Daura, da kowanne zai rubuta maƙala ɗaya mai hujja da Hausa kafin ya kammala, a kan unguwarsu ko ƙofar garinsu ko wata sana'a da ke mutuwa, da cikin 'yan shekaru labarin ya canza. Gidan tarihin da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, yana nan a cikin gari ga mai son farawa.

Ga kuma wani darasi da ko caji ba ya buƙata. Katsina da Daura suna wajen digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka sau biyu a shekara rana takan tsaya daidai tsakiyar ka: wajen 24 ga Afrilu da wajen 18 ga Agusta. Kafa sanda a miƙe a filin makaranta, yara su riƙa auna inuwarta kowace tsakar rana tun mako biyu kafin lokacin, suna rubutawa. Za su ga tana gajarcewa har ta shige gindin sandar, sannan ta ɓullo ta ɗaya gefen. Da bambancin inuwa tsakanin garuruwa biyu na Masar ne Eratosthenes ya auna kewayen duniya fiye da shekara 2,200 da suka wuce, kuma wata makaranta a Daura da wata a Ilori za su iya maimaita aikinsa da sanda biyu da kiran waya ɗaya. Ranar 27 ko 28 ga Mayu kuma, da ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya, rana na bisa Ka'aba, don haka duk wanda ya fuskance ta a lokacin ya fuskanci alƙibla, yara za su iya duba masallacin makarantarsu da kansu. Tsayuwar rana tsakiyar ka ta Agustan takan faɗo cikin marka da dogon hutu, ga hadari ga makaranta a kulle, saboda haka malamin da ke da niyya ya nemi sandarsa tun farkon Afrilu.